Safarar kekuna a mota: Inda ribar ɗan kasuwa ke zubewa a hanyar kan iyaka

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023 da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, keke ya fara dawo da martabarsa a garuruwan kan iyaka. Litar man da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta zarce Naira 1,000. Raɗaɗin bai tsaya a Nijeriya ba, domin garuruwa irin su Maraɗi da Birnin Konni sun daɗe suna dogaro da man da ake tsallakawa da shi daga nan. Magidanta da dama sun jingine babur sun koma kan sirdin keke.

Wannan ya buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Sai dai keke, duk da cewa abin hawa ne, a hanyar kasuwa shi ma fasinja ne, sai an biya masa kuɗin mota. A nan ne kuma ribar mutane da yawa ke zubewa, domin abin da ake samu a kan keke guda bai taka kara ya karya ba. Da zarar ƙafa ta lanƙwashe ko fenti ya kwarzane, mai saye zai taya sabon keke da kuɗin na hannu. Ga shi tafiyar ba kaɗan ba ce: daga Kano zuwa Katsina kimanin kilomita 170 ne, daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa kuma kimanin kilomita 90.

Sabon keke ya fi son kwalinsa

Sababbin kekuna irin su Phoenix na China da Hero na Indiya a kwakkwance suke zuwa cikin kwali, kuma babu hanyar da ta fi a bar su a haka har inda za a sayar. Wurin da haɗaɗɗen keke ɗaya zai cinye a mota ya ishi kwali biyu ko fiye. Abin kiyayewa shi ne a jera kwalayen a tsaye, kada a kwantar da su a ɗora buhunan kaya a kai. Matsalar ita ce mai saye a kasuwar ƙauye haɗaɗɗen keke yake son gani, ya hau ya gwada birki. Saboda haka mai zuwa Jibiya ko Illela ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, gara ya isa tun jajibirin kasuwa, ya yi ciniki da mai gyaran keke a haɗa masa su kafin gari ya waye.

Na hannu kuwa, wato waɗanda ake kira 'yan Kwatano, ba su da kwali, don haka sai an rage musu faɗi. A cire feda, a sassauta kan keken a juya shi ya yi daidai da gangar jiki, a sauke sirdi, in da hali a cire ƙafar gaba. Sifana mai lamba 15 ke kwance mafi yawan feda, amma a lura cewa ta hagu a juye take ɗauruwa, inda ake juya noti don a ɗaure nan ake juya ta don ta kwance. Yaron motar da bai san haka ba yakan yi ta ja da ƙarfi har ya cinye zaren ƙarfen. Fedar kowane keke a sa ta a leda a ɗaure a jikinsa, notin ƙafa kuma a mayar da shi mazauninsa, don kada a je kasuwa ana neman na wane ne wannan.

Rufin mota yana da iyaka

Kariyar saman mota ita ce aka fi amfani da ita a tashoshinmu, tun zamanin Peugeot 504 da J5 har zuwa Golf da Sharan da Hiace. Abin da direbobi da yawa ba sa dubawa shi ne, kamfanonin ƙera ƙananan motoci sukan ƙayyade nauyin da rufi zai ɗauka tsakanin kilo 50 zuwa 100, har da nauyin kariyar kanta. Baƙin keke irin na da yana kai kilo 20, ke nan uku ko huɗu sun cika ma'auni. Idan aka jibga goma, nauyin mota ya koma sama, sai ta riƙa tangaɗi a kwana, iskar tirela ko ta hadari na fizgarta, ga kuma ƙarin shan mai. A ɓangaren Nijeriya lodin da ya wuce ƙima laifi ne a wurin jami'an kiyaye haɗurra, kuma ko an ci tarar direba, mai kaya ne ke rasa lokacin kasuwa.

Wajen jerawa, kai da ƙafa ake yi, kan wannan wajen bayan wancan, a sa yankin kwali ko tsohon bargo a tsakani. A gangar jiki ake ɗaure igiya, ban da wayoyin ƙafa da wayar birki. Robar da ake yankowa daga tsohon tif ta fi kama keke da keke, amma rana na cin ta, don haka igiya mai ƙwari ce za ta riƙe lodin gaba ɗaya a jikin kariya. Bayan an yi tafiyar kamar kilomita 20 a tsaya a sake tamkewa, haka kuma idan za a sauka daga kwalta, domin girgiza ce ke sassauta ɗauri. Yana da kyau a ɗan rage iskar taya, saboda tif ɗin da aka cika tam yakan fashe a zafin bazara.

But da akori-kura

Mai keke ɗaya ko biyu but ya ishe shi. A kwantar da shi ɓangaren kaca yana kallon sama, musamman mai giya, domin ƙarfen canjin giyar ba ya jure danni. Al'adar barin but a buɗe ƙafar keke na reto a waje tana da illa uku: tana rufe lambar mota da fitilun baya, zafin salansa na iya narka taya, sannan hayaƙi na komawa kan fasinjoji.

Wanda kayansa suka kai goma zuwa sama, akori-kura ko Canter ta fi masa, ko da zai haɗa kuɗi da abokan sana'a su ɗauki shata. A nan a tsaye ake jera kekunan, a ratsa igiya, a rufe da tamfol saboda ruwan damina da ƙurar hunturu. Kada a yarda a haɗa su da gishiri ko kanwa ko takin zamani, waɗanda ba a raba motocin kan iyaka da su, domin da sun sami danshi tsatsa za ta kama ƙarfe cikin 'yan kwanaki. Kafin mota ta tashi a ƙirga kaya a gaban ɗan kamasho, a ɗauki hotonsu da waya, a kuma yi magana a fili kan wanda zai biya idan wani ya faɗo ko ya karye.

Takarda ma kaya ce

Kowane keke na da lamba a jikinsa, galibi a ƙarƙashin mazaunin feda ko kusa da sirdi. A sa mai shago ya rubuta ta a rasit, musamman ga na hannu, domin ita ce hujja a shingen 'yan sanda ko jandarma idan aka yi zargin kayan sata ne. Haka nan rangwamen harajin ECOWAS na kayan da aka ƙera a yankin ne, bai shafi keken China ko Indiya ba. Nijar ma ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, sannan a watan Maris na shekarar ita da Mali da Burkina Faso suka sanar da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙasashen uku.

Idan ba a manta ba, Nijeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. A irin waɗannan lokuta ne wasu suka saba da ɓarauniyar hanya, inda rairayi da ramuka ke lalata kaya, kwastan ko duwan su ƙwace abin da ya tsira, ga kuma barazanar 'yan bindiga a dazukan yankin Jibiya. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ɗan kasuwar da ya tambayi halin da iyaka ke ciki kafin ya yi lodi, ya tanadi sifana da kwali da igiya da rasit, abin da zai kashe a kansu bai kai asarar ƙafar keke ɗaya ba.