Jarrabawar BAC: Darasin yaƙin cacar baka ya fi ƙarfin hadda

Da an idar da sallar isha'i a 'yan makonnin nan, duk inda fitilar titi ke da haske a Maraɗi sai a tarar da matasa da kaye a hannu, suna kai da kawo, baki na motsi kamar masu tilawa. Haka abin yake a Damagaram da Tawa, haka yake a unguwannin Yamai. Ɗaki ya yi zafi, wuta ba ta da tabbas, don haka bakin titi ya zama ɗakin karatu. Wanda ya matsa kusa zai ji abin da ake maimaitawa: 1947 Truman, 1949 OTAN, 1961 katangar Balin, 1962 Kyuba.

'Yan ajin ƙarshe na lisai ne masu shirin BAC, kuma darasin da suke bita shi ne gasar da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu zuwa 1991. A bayan kowane ɗalibi akwai gida da ke jiran sakamako. Akwai uwar da ta ɗauke masa aikin gida tun watan jiya, akwai yayan da ke Abijan ko Aljeriya ko Legas wanda ya turo kuɗin karatun yamma da na fotokofi. Wanda bai kai maki 10 cikin 20 ba, ko dai ya maimaita shekara, ko ya ajiye kaye ya kama kabu-kabu, ko shi ma ya bi hanya.

Matsalar ita ce, takardar tarihi ba ta tambayar jerin shekaru. Ana ba ɗalibi batu ya tsara doguwar amsa mai gabatarwa da hujjoji, ko a ba shi wani rubutu na wancan zamani ya yi masa sharhi. Malaman tarihi sun sha nanatawa cewa yaro na iya zuwa da shekaru talatin a ka, a juya masa tambayar kaɗan, ya rasa ta inda zai kama. Yaran da suka taso da allo suna da ƙarfin hadda, wannan ba abin raini ba ne. Amma a wannan darasi hadda kan kai mutum bakin ƙofa ne kawai.

Ruɗun ma daga suna yake farawa. Da Faransanci ana cewa yaƙi mai sanyi, gidajen rediyo na Hausa kuma suka raɗa masa yaƙin cacar baka. Duka biyun suna sa a ɗauka surutu kawai aka yi. Alhali a yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 mutane miliyoyi suka mutu, a Biyetnam ma haka. Abin da bai faru ba shi ne sojan Amurka da na Sobiyet su fuskanci juna a fili da sunan ƙasashensu. Dalilin kuwa shi ne ginshiƙin darasin baki ɗaya. Amurka ta mallaki bam ɗin nukiliya a 1945, Sobiyet ta gwada nata a watan Agustan 1949, daga nan kowanne ya san cewa idan ya taɓa ɗan'uwansa kai tsaye, duk su biyun ne za su ƙone. Sai suka koma kokawa a gonar wasu. Ɗalibin da ya riƙe wannan, zai ga shekarun da ya haddace sun fara jeruwa da kansu.

Birnin Balin shi ne zaren da ya fi sauƙin bi. Bayan 1945 an raba Jamus tsakanin ƙasashe huɗu da suka ci yaƙi, aka raba Balin ma haka, ga shi kuwa birnin yana can tsakiyar yankin da Sobiyet ke riƙe da shi. A 1947 shugaba Truman ya bayyana manufar hana gurguzu yaɗuwa, shirin Marshall ya biyo baya da kusan dala biliyan 13 don farfaɗo da yammacin Turai, Masko kuma ta hana ƙasashen da ke ƙarƙashinta karɓa. Da ƙasashen yamma suka fito da sabon kuɗi a yankunansu na Jamus a watan Yunin 1948, Stalin ya datse duk hanyoyin ƙasa da ke shiga yammacin Balin. Kusan wata goma sha ɗaya jiragen sama ne ke kai wa mutane kimanin miliyan biyu gari da gawayi, har aka buɗe hanya a watan Mayun 1949. A wannan shekara aka kafa OTAN, a cikinta kuma Jamus ta zama ƙasa biyu. Katangar da aka fara ginawa ranar 13 ga Agustan 1961 ma amsa ce ga wata matsala: fiye da mutum miliyan biyu da rabi sun riga sun gudu daga gabas zuwa yamma, cikinsu har da likitoci da injiniyoyi. Masu karatu da ke zaune a waje ba sa buƙatar dogon bayani kan abin da ke sa matashi mai sana'a ya bar ƙasarsa.

Rikicin Kyuba kuwa shi ne wanda ɗalibai suka fi so, don yana da kamar fim, amma a nan ma ake yawan barin rabin labarin. Ana rubuta cewa Khrushchev ya girke makamai masu linzami a tsibirin, Kennedy ya yi masa ƙawanya ta ruwa, sai ya janye ranar 28 ga Oktoban 1962. Gaskiya ne, kuma tsakanin Kyuba da gaɓar Amurka bai kai nisan Maraɗi zuwa Damagaram ba. Sai dai kafin nan, a watan Afrilun 1961, Amurka ta mara wa wani yunƙuri na kifar da Fidel Castro baya, yunƙurin ya watse. Ita kanta tana da irin waɗannan makamai a Turkiyya, a ƙofar gidan Sobiyet. Sulhun da aka yi ya haɗa da alkawarin Amurka cewa ba za ta mamaye Kyuba ba, da kuma yarjejeniyar sirri ta kwashe makaman Turkiyya. Amsar da ta kawo ɓangarorin biyu ita ce mai nuna an fahimta. Tsoron da aka ji a kwanakin nan goma sha uku ne ya haifar da layin sadarwa kai tsaye tsakanin Washinton da Masko a 1963, da yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya ta 1968, da ta rage gasar makamai ta 1972.

Akwai wasu haruffa uku da kan sa ɗalibin Nijar tuntuɓe: RDA. A littafin tarihi na Faransanci, RDA ita ce Jamus ta gabas. A bakin kakanninsa kuwa, RDA jam'iyyar Diori Hamani ce. Abubuwa biyu ne daban, amma wanda ya bi diddigin na biyun zai ga ya faɗo cikin darasin da yake bita. An kafa RDA ta Afirka a Bamako a watan Oktoban 1946, kuma 'yan majalisarta a Faris sun yi ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa. Da duniya ta rabu biyu, wannan ƙawance ya zama kaya mai nauyi, gwamnatin mulkin mallaka ta matsa musu lamba, sai Houphouët-Boigny ya warware shi a 1950. Djibo Bakary bai yarda da wannan juyi ba, ya rabu da PPN-RDA, daga baya ya jagoranci Sawaba, wadda ta yi ƙarfi sosai a ƙasar Hausa, a tsakanin ma'aikata da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 Sawaba ta ce a'a ga De Gaulle, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959.

Abin da ya biyo baya dattawan Maraɗi da Damagaram da Tasawa sun san shi, ko da ba kowa ke son tayar da maganar ba. Matasan Sawaba da dama sun fita waje, wasu karatu a ƙasashen gabashin Turai, wasu horon yaƙi a Sin da arewacin Biyetnam da Aljeriya da Gana. A ƙarshen 1964 suka kutso ta kan iyakoki da makamai, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilun 1965 an jefa gurneti a filin idin babbar sallah da nufin kashe Diori, ya tsira. Ba daidai ba ne a ce Masko ko Bejin ce ta ƙirƙiri Sawaba. Rikicin na gida ne, tushensa yana cikin siyasar Nijar da hannun Faransa. Amma rabuwar duniya ce ta ba kowane ɓangare inda zai nemi makami da mafaka, kuma wannan shi ne ainihin abin da littafi ke nufi idan ya ce gasar ta sauko ƙasashe masu tasowa. Haka ta sauko Kwango, inda aka kashe Patrice Lumumba ranar 17 ga Janairun 1961, haka ta sauko Angola daga 1975, inda sojojin Kyuba suka tsaya wa ɓangare ɗaya, Amurka da Afirka ta Kudu suka tsaya wa ɗayan.

Sauran alamomin suna nan a fili. Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Raggan, cikin saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairun 1960, kuma De Gaulle ya fitar da ita daga rundunar haɗin gwiwa ta OTAN a 1966, abin da ke nuna ko a cikin gida ɗaya ba kullum ake magana da murya ɗaya ba. Ƙasar da ke son tsayawa da ƙafarta a harkar nukiliya tana buƙatar yuraniyom, shi ya sa aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka fara haƙa a Arlit a 1971. Nijar ta ƙulla hulɗa da Taiwan a 1963, ta koma ga Bejin a watan Yulin 1974, 'yan watanni bayan juyin mulkin Seyni Kountché, a lokacin da Sin ta riga ta karɓi kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, shugaba Nixon ma ya riga ya je can.

Ba lallai ne waɗannan su fito a matsayin tambaya ba, kuma babu mai cewa a cika takardar amsa da tarihin Sawaba idan an yi tambaya kan Balin. Amfaninsu shi ne su sa darasin ya zauna a kai. Misali ɗaya na Afirka da aka ajiye a wurin da ya dace ya fi shekaru goma da aka jera ba dalili.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama 'yan wannan zamani. Sojojin Faransa sun gama ficewa daga Nijar a watan Disambar 2023, masu horarwa na Rasha sun iso a watan Afrilun 2024, na Amurka sun gama barin ƙasar a watan Satumban 2024. A kowace fada ana muhawara a kai, a WhatsApp da TikTok kuwa kowa masani ne. Ɗalibi sai ya shiga ɗakin jarrabawa da zafin wannan muhawara, ya rubuta ra'ayinsa a maimakon amsa. Rasha ta yau ba Tarayyar Sobiyet ba ce. Waccan tarayya ce ta jamhuriyoyi 15 mai jam'iyya ɗaya da tattalin arziƙin da gwamnati ke tsarawa, kuma ta rushe a watan Disambar 1991. Mai gyaran takarda ba ya ba da maki don an zaɓi ɓangare. Wanda ya rubuta Biyetnam ya manta da tankokin Sobiyet a Hangari a 1956 da shigarta Afganistan a 1979 ya bar rabin maki, haka shi ma wanda ya yi akasin haka.

Ƙungiyoyin bita da suka fi cin riba su ne waɗanda ke rufe kaye. Ana zana layi ɗaya a jikin allo ko a ƙasa, a raba shi: lokacin da aka ja daga, daga 1947, lokacin da aka fara zaman haƙuri da juna bayan mutuwar Stalin a 1953, wanda bai hana rikicin Balin da na Kyuba ba, sassaucin da ya biyo bayan 1962, sake ɗaukar zafi daga ƙarshen shekarun 1970, sai zuwan Gorbachev a 1985. Daga nan mutum ɗaya ya miƙe ya bayyana wa sauran, da Hausa ko da Zabarmanci, abin da ya kai daga wannan mataki zuwa wancan. Duk inda ya tsaya yana in'ina, nan ne bai gane ba, ko da yana iya kawo sakin layin da Faransanci ba tuntuɓe. Sai an gama wannan ake komawa ga Faransancin, don da shi za a rubuta.

Babin ƙarshe shi ne aka fi yi wa gaggawa, don shekara ta ƙare, malami na tseren gama manhaja. Ga ɗaliban Yamai kuwa, babin nan yana kan hanyarsu ta kullum. Gadar da ta haɗa gari da Harobanda, inda jami'a take, an buɗe ta a 1970 da tallafin kuɗin Amurka, kuma tana ɗauke da sunan Kennedy, shi dai na rikicin Kyuba. Katangar Balin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamban 1989. Wata uku cif bayan haka, ranar 9 ga Fabrairun 1990, ɗalibai suka taso daga jami'a suna zanga-zanga kan halin da karatu ke ciki, jami'an tsaro suka buɗe wuta a bakin wannan gada, aka kashe uku. A watan Yuni shugaba Mitterrand ya shaida wa shugabannin Afirka a La Baule cewa taimakon Faransa zai riƙa la'akari da dimokuraɗiyya, maganar da ba a saba ji ba a lokacin da ake tsoron ƙasa za ta koma ɗaya ɓangaren. Ranar 29 ga Yulin 1991 aka buɗe babban taron ƙasa a Yamai, aka rufe shi a farkon Nuwamba, saura 'yan makonni Gorbachev ya yi murabus.