Kuɗin Tafiya Aikin Sa Kai: Yadda Ake Tara Su da Inda Suke Ƙarewa

A Birtaniya, matasa da yawa kan huta shekara guda tsakanin sakandare da jami'a, kuma a wannan tsakanin ne wasunsu ke tafiya aikin sa kai a Ghana ko Kenya ko Nepal ko Kambodiya. Kafin a hau jirgi akwai watannin haɗa kuɗi. Yarinya 'yar shekara 18 za ta gasa kek ta jera a ƙofar coci ranar Lahadi. Ranar Asabar kuma tana babban kanti tana taya masu sayayya zuba kaya a jaka, ga bokiti a gefenta ana jefa mata tsaba. Za ta yi alkawarin gudun kilomita goma idan kawunnanta da maƙwabta sun yarda su biya. Daga ƙarshe ta buɗe shafi a JustGiving ko GoFundMe, ta ɗora hoton yara suna dariya a wani ƙauye, ta rubuta cewa taimako za ta je yi. Idan aka haɗa tikitin jirgi da biza da alluran riga-kafi da inshora da abin da kamfanin shirya tafiyar ke karɓa, zaman wata guda yakan haura fam 2,000.

Da can ba haka tsarin yake ba. Alec Dickson da matarsa Mora sun kafa ƙungiyar VSO a 1958, ba a daɗe ba gwamnatin Birtaniya ta fara zuba mata kuɗi, kuma wanda aka tura yakan yi shekara ɗaya ko biyu a wuri guda. A 1961 Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps da kuɗin gwamnatin Amurka, Ghana ce ta fara karɓar mutanenta. Dattawan da suka yi sakandare a Arewacin Nijeriya a shekarun 1960 suna tuna malaman da waɗannan shirye-shirye suka turo, a Nijar kuwa 'yan Peace Corps sun zauna daga 1962 har 2011, wasunsu suka koma gida da Hausa a baki. Nijeriya ma tana da nata shirin, TAC, tun 1987, wanda ke tura likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan na shekara biyu, gwamnati ce ke biya. A duk waɗannan, ƙasar da ke karɓa ce take faɗin irin ma'aikacin da take so.

Abubuwa da dama suka juya lamarin. Kuɗin jirgi ya sauko, kamfanoni suka gane cewa ana iya sayar da aikin sa kai kamar yadda ake sayar da yawon buɗe ido, jami'o'i da masu ɗaukar ma'aikata suka riƙa yaba wa wanda takardarsa ta nuna ya je wata ƙasa ya yi hidima. Intanet kuma ta sauƙaƙa roƙon: abin da a da sai an bi gida-gida, yanzu saƙo ɗaya ne a Facebook. Gwamnati ita ma ta ja da baya. Shirin ICS da Birtaniya ta fara a 2011 ya riƙa ɗaukar nauyin 'yan shekara 18 zuwa 25 na kimanin wata uku, suna aiki tare da takwarorinsu 'yan ƙasa, har da a Nijeriya. Ko a wannan shirin an nemi yawancinsu su tara fam 800. Annobar korona ta tsayar da shirin a 2020, filin ya koma hannun kamfanoni.

Akwai alheri a cikin abin, bai kamata a ɓoye ba. Matashin da ya sha wahalar tara kuɗi ya koyi tsayawa gaban jama'a ya yi bayani. Iyalin da suka sauke shi a Tamale ko Cape Coast suna samun kuɗin masauki da abinci, mai tasi da mai shago su ma su samu. Wasu 'yan sa kan suna riƙe zumuncin shekara da shekaru, suna biya wa ɗan mai masaukinsu kuɗin makaranta.

Amma a ganina matsalar tana cikin hanyar tara kuɗin ita kanta. Gwaggon da ta ba da fam 50 ta ɗauka sadaka ta yi wa yaran Ghana, alhali kaso mafi tsoka ya tafi ga kamfanin jirgi da ofishin da ya shirya tafiyar, wanda sau da yawa a Turai yake. Wanda ya roƙi jama'a kuma dole ya dawo da shaida, shaidar da ta fi saurin taɓa zuciya ita ce hoton yaro a cinya. Gyaran rajistar asibiti ko horar da malamai ba sa buɗe aljihun mai bayarwa. Sai kamfanoni suka karkata ga abin da ke sayuwa: mako biyu ko uku a gidan marayu, ba tare da an tambayi mai zuwa wace ƙwarewa yake da ita ba.

Nan ne ɓarnar ta fi muni. Wani rahoto da UNICEF da gwamnatin Kambodiya suka fitar a 2011 ya nuna gidajen marayu a ƙasar sun ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010. Ƙungiyar Lumos, wadda marubuciya J.K. Rowling ta kafa, tana ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su. Mai gidan marayu yakan je ƙauye ya ce wa uwa zai sa ɗanta a makaranta a birni, ta miƙa shi da hawaye, shi kuma ya mayar da yaron jarin jawo baƙi. A Nepal an kama masu sauya wa yara takardu don su zama marayu a rubuce. Yaron da ya taso a haka yakan ruga ya rungume duk baƙon da ya shigo, baƙon ya ɗauka ƙauna ce, masana tarbiyyar yara kuwa alamar rauni suke gani: ya saba da wanda zai ɗauke shi yau ya ɓace bayan sati biyu, an maimaita masa haka sau ba adadi.

Akwai kuma magini da malamin firamare na garin da aka je, waɗanda ke zaune ba aiki yayin da baƙon da bai taɓa riƙe cebur ba yake jera bulo. Kuɗin tikitinsa kaɗai zai biya albashin malamin na watanni.

An fara farga. VSO ta daina tura mutane gidajen marayu a 2016, kamfanin Projects Abroad ya bi sahu a 2017, a 2018 kuma Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta lissafa safarar yara zuwa gidajen marayu a cikin nau'o'in bautar zamani. Wasu makarantu da coci-coci yanzu sukan nemi a raba lissafi gida biyu: iyaye ko matashin su biya tikiti da masauki, abin da aka roƙa a wajen jama'a ya tafi kai tsaye ga aikin da mutanen garin suka zaɓa. Wasu kamfanonin kuwa suna kawai suka sauya, suka koma kiran wuraren nasu cibiyar kula da yara, kuma har yau suna aika wa duk wanda ya yi rajista ɗan littafin da ke koya masa yadda zai roƙi kuɗin a wajen dangi.