Wasannin Kwamfuta Ga Ƙananan Yara: Wanne Ya Dace, Kuma Daga Shekara Nawa?

Idan ciki ya tsufa, komai yakan yi wa mace nauyi, amma yaron da aka yaye bara bai san da wannan zance ba. Shi dai a ɗauke shi, a goya shi, a yi masa wasa. Bayan haihuwa kuma ga kwana arba'in na jego, hankalin gida gaba ɗaya ya koma kan jariri. A irin wannan lokaci ne uwa kan miƙa wa babban yaro waya don ta samu ta ɗan runtsa, ko kuwa a kunna masa tsohuwar kwamfutar da maigida yake aikin makaranta da ita. Wannan ba a birnin Kano kaɗai ake yi ba. A Gwarzo da Getso da Kutama, haka ma Kabo da Garo, yaro ɗan shekara uku ya iya shafa fuskar waya tun kafin ya iya ɗaura tazugen wandonsa. To, me ya kamata a saka masa?

Kafin zancen manhaja, akwai zancen shekaru. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Jariri da yaron da bai cika shekara biyu ba, ba a so a zaunar da su gaban waya ko talabijin ko kwamfuta sam. Daga shekara biyu zuwa huɗu kuwa, kada a wuce awa ɗaya a yini, idan ma bai kai haka ba ya fi. Hukumar ta kuma ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar akalla awa uku na motsa jiki a rana, da barcin awa 10 zuwa 13. Dalili kuwa shi ne, yaro yana koyon magana ne ta hanyar ba-ni-in-ba-ka da mutum: ya yi gwalantu, uwa ta amsa, ya kalli bakinta, ya maimaita. Na'ura ba ta amsa masa haka. Saboda haka jaririn da ke tafe, wasansa yana hannunki da bakinki. Abin da za mu ambata a nan na yayyensa ne.

Manhajar da ta dace da gidajenmu ita ce wadda ke aiki ba tare da intanet ba, domin kuɗin data ba ya ƙarewa, sabis kuma yakan ɗauke a ƙauyuka. Sannan a guji mai talla. Yawancin wasannin da ake cewa kyauta ne, da talla suke cin riba, kuma yaro bai san bambancin wasa da talla ba, duk abin da ya yi ƙyalli dannawa zai yi. Haka nan a lura ko wasan yana da ƙarshe. Wanda yaro zai gama ya ce "na gama" ya fi wanda aka tsara shi don kada a ajiye.

Akwai guda biyu da suka daɗe ana amfani da su a makarantu a ƙasashe da dama, kuma duk kyauta ne, babu talla a ciki. Na farko shi ne GCompris, wanda wani Bafaranshe mai suna Bruno Coudoin ya fara a shekara ta 2000, don yara daga shekara 2 zuwa 10. Yana ɗauke da wasanni fiye da ɗari, kuma yana hawa kwamfuta mai Windows da kuma wayar Android. Ga ɗan ƙaramin yaro, a fara da mafi sauƙi: akwai wanda yaro zai riƙa motsa linzamin kwamfuta yana goge allo har hoton dabba ya bayyana, akwai na danna kifi yana iyo, da na haɗa katuna biyu masu kama da juna, da na launuka da ƙirga kaya. Har wasan ramuka da 'ya'yan itace, irin wanda Yarbawa ke kira ayo, an saka a ciki, sai dai wannan na manyan yara ne, kuma kada a yi mamaki idan maigida ya karɓe. An jera wasannin bisa wahalarsu da alamar taurari, ana kuma iya ɓoye masu wuyar don kada yaro ya shiga ya rikice ya fara kuka.

Na biyu shi ne Tux Paint, na zane, wanda Bill Kendrick ya fitar a Amurka a 2002 don yara daga shekara 3 zuwa 12. Maɓallansa manya ne, kowanne da ƙararsa mai ban dariya, kuma yaro yana adana zanensa ba sai ya iya rubuta suna ba. A ganina wannan ya fi dacewa da yaron da aka yi wa ƙani, domin shi ne ke ƙirƙira, ba kallo kawai yake yi ba. Ki ce masa ya zana miki gidanku, da akuya, da jaririn. Sau da yawa kishin da bai iya faɗa da baki ba, a zanen za ki gan shi.

Matsalar su biyun ita ce umarnin da ke ciki ya fi zuwa da Turanci. Ga mai son Hausa, akwai African Storybook, na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, wanda ya tara littattafan yara masu hotuna cikin harsunan Afirka, har da Hausa. Ana sauke su sau ɗaya a riƙa karantawa ba intanet, ana ma iya buga su a takarda a shagon kwamfuta, wanda ya fi komai, tunda takarda ba ta bukatar caji.

Yadda ake samo su ma abin lura ne. A garuruwanmu an saba kai waya ko memori wurin masu turin fina-finai a ce "a zuba wa yara katun". Abin da aka zubo kuwa, sau da yawa babu wanda ya duba, kuma ta nan ƙwayar cutar kwamfuta da hotunan da ba su dace ba suke shigowa gida. Gara a faɗi sunan manhajar da ake so, a sauke ta daga shafinta na asali ko daga Play Store, sannan babba ya fara gwada ta shi kaɗai. Idan za a miƙa wa yaro waya, a kashe data tukuna. A 2007 an raba wa ɗaliban wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, ba a daɗe ba rahotanni suka fito cewa wasu yaran sun shiga shafukan batsa, sai da aka nemi saka matattara. A makaranta ke nan, gaban malamai.

Duk kyan manhaja, amfaninta yana ninkuwa ne idan akwai babba a gefe. Ba lallai sai uwa ba, musamman mai jego: uba, ko goggo, ko yaya mai hankali ya isa. A riƙa tambayarsa da Hausa, "Wannan wane launi ne? Kaji nawa ka gani?" Idan an tashi, a fita tsakar gida a ƙirga kajin gaske. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a zama ɗaya ya wadatar, a kuma sanar da shi tun farko cewa idan an kira sallah za a kashe, domin rigimar ƙwace waya ta fi sauƙi idan yaro ya san ƙa'ida. Kada a ba shi lokacin cin abinci, ko cikin awa guda kafin barci, saboda hasken allo yana jinkirta barci. Kada kuma ya riƙe waya tana jikin caji, ko ya yi wasa kusa da wayar wuta da batirin sola.

Wasu alamomi kuwa ba na sauya wasa ba ne, na zuwa asibiti ne. Idan yaro yana manna fuskarsa da allo, ko yana ƙanƙance ido, ko ido ɗaya yana karkacewa, a kai shi a duba idonsa. Idan ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba, kamar "ba ni" ko "Umma zo", ko kuwa ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya, domin wani lokaci matsalar ji ce. Ana iya farawa daga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko Babban Asibitin Gwarzo, idan da bukata su turo shi Kano wurin likitocin yara. Ranar awon ciki ko ranar rigakafin jariri ma dama ce, ki taho da babban, a duba su tare.