Mai Maƙalewa da Mai Narkewa

Takardun da firintar ofis ba ta so iri biyu ne, kuma ɓarnarsu ba ɗaya ba ce. Akwai mai maƙalewa, akwai mai narkewa.

Ta farko kowa ya san ta. Takardar A4 mai giram 80 ita ce tuwon yau da kullum na waɗannan injina, duk abin da ya yi nesa da ita sai an yi gardama. Kwalin katin biki ba ya lanƙwasuwa a kwanonin da ke ciki. Takarda shara-shara kuwa, robobin ja sukan kwaso biyu ko uku a tare. Haka wadda ta sha danshin damina ko ta yamutse. A bakin da ke zuƙar takardu a saman injin fotokwafi abin ya fi tsanani: fil ɗaya da aka manta ya isa ya yaga takardar shaidar da ba ka da kwafinta. Duk da haka, yawanci injin zai tsaya, ya kunna fitila, a buɗe a zaro a hankali, aiki ya ci gaba.

Ta biyun ba ta cika yin hayaniya ba, shi ya sa ta fi ba ni tsoro. Firintar lesa ba ruwan tawada take fesawa ba. Gari ne, wato tona, kuma sai an gasa shi a jikin takarda da zafin da ke kusantar digiri 200 kafin ya zauna. Takardar hoto mai sheƙi da aka yi domin firintar ruwan tawada, da yawanta leda aka shimfiɗa mata, kuma ledar kan narke tun kafin a kai wannan zafin. In ta narke, sai ta manne wa abin gashin. Ambulan mai tagar leda ma haka yake yi. Shafin sitika da aka riga aka ɓare wasu daga ciki, danƙonsa kan tsatso, ko wata ta ɓalle ta naɗe a ciki. Takardar rasidin POS kuwa zafi ne ke yi mata rubutu, don haka baƙi ƙirin za ta fito. Wanda ya taɓa kai rasidi a yi masa lamineshan ya ga wannan da idonsa.

Masu shagon buga takardu sun fi ƙorafi a kan maƙalewa, domin ita ke tsayar da layi kwastoma na kallo. Amma mintuna kaɗai take ci. Narkewa takan wuce ba a lura ba, sai bayan kwanaki a ga tabo iri ɗaya yana maimaituwa a kowane shafi. A nan sai mai gyara ya ce a sauya abin gashin gaba ɗaya, kuma a ƙananan firintoci kuɗinsa kan sa mutum ya fara tambayar farashin sabuwa.