Mujallar Tauraruwa da Kasuwar Ƙofar Wambai

Tun 1990, sa'ad da aka fitar da Turmin Danya, 'yan wasan Kano suke shirya fim, amma sana'ar ba ta da suna. A 1998 Sunusi Shehu ya kafa mujallar Tauraruwa, ita ce kuwa ta raɗa mata suna Kanywood. Mujallar takan ba da labarin 'yan wasa da sababbin fina-finai, mai karatu ya nufi rumfunan kaset na Ƙofar Wambai. Can kuma 'yan sari sukan ɗauki kaya zuwa kasuwannin Bichi da Ɗambatta, inda manoma ke saye in kaka ta yi. Daga baya wayar hannu ta kashe wannan ciniki, mujallar ma ta daina fitowa, amma sunan ya wanzu.