An Kashe Maciji, Ba a Sare Kansa Ba

Idan an cire wa kwamfutarka bairos kwanan nan, amma ka ga saukar da fayil ya koma tafiyar hawainiya, abin da minti biyu ke isarsa a da yanzu sai ya ci rabin awa, to ka dakata. Kada ka shiga asusun bankinka da ita, kada ka buɗe imel, kada ka soka mata filashin kowa, har sai ka gano dalilin wannan nawar. Yawancinmu kamfanin layi muke ɗora wa laifi, mu ce sabis ne babu, mu ci gaba da harkokinmu. Gwajin kuwa ba shi da wuya. Ka haɗa wayarka da waifai ɗin da kwamfutar ke kai, ka sauke wannan fayil ɗin dai. In waya ta gama nan take alhali kwamfuta na jan ƙafa, ciwon yana cikin kwamfutar.

Manhajar kashe bairos takan goge muguwar manhajar, amma sau da yawa takan bar ɓarnar da bairos ɗin ya yi wa saitin intanet. Wurare biyu aka fi taɓawa. Na farko shi ne Proxy, wato ɗan aiken da ake cusawa tsakaninka da intanet, duk abin da ka aika ko ka karɓa sai ya bi ta hannunsa. Na biyu shi ne DNS, wanda aikinsa kamar na littafin lambobin waya ne: ka rubuta sunan shafi, ya gaya wa kwamfuta inda za ta same shi. In ɓarawo ya musanya littafin da nasa, kana iya rubuta adireshin bankinka daidai, a kai ka shafin bogi mai kama da shi sak. Wannan zagayen da bayananka ke yi ta wata na'ura mai nisa yana cikin abubuwan da ke jawo nawar.

An ga irin wannan a fili. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta Amurka ta sanar da kama wasu mutum 6 'yan ƙasar Estoniya, masu bairos ɗin DNSChanger. Ya kama kwamfutoci kusan miliyan 4 a ƙasashe sama da 100, sun kuma tara aƙalla dala miliyan 14 ta hanyar karkatar da mutane zuwa tallace-tallacensu. Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin shi ne abin da ya biyo bayan kamen. An kama ɓarayin, an ƙwace na'urorinsu, amma kwamfutocin jama'a suka ci gaba da neman hanya a adireshin ɓarayin, domin ba a gyara saitinsu ba. Dole kotu ta ba da izini a kafa na'urori masu tsabta a madadinsu, aka riƙe su har 9 ga Yuli 2012. Bairos ɗin ma yakan tsallaka cikin rauta, wato na'urar da ke ba da waifai, idan mai ita bai taɓa canza kalmar sirrin da ta zo da ita ba, daga nan duk wayar da ke gidan ta shiga tarko.

Saboda haka ka zauna da mai gyaran da ka amince da shi. Ku buɗe saitin intanet na Windows, in akwai Proxy da ba kai ka sa ba a kashe shi. A mayar da DNS yadda layinka ke ba da shi da kansa. A duba fayil ɗin Windows mai suna hosts, a cire ƙarin manhajojin da suka maƙale wa burauza. Ku buɗe Task Manager ku ga ko wata manhaja da ba ka sani ba tana shan data kana zaune, domin akwai waɗanda ke sayar da layinka ga wasu. A mayar da rauta saitin masana'anta, a sa mata sabuwar kalmar sirri. Kalmomin sirrinka na banki da imel da Facebook kuwa, ka canza su daga wata na'urar mai tsabta.

Ina roƙonka, kada ka sauke manhajojin nan da ke tallar za su ƙara wa kwamfuta gudu. Da yawansu ta nan sabon bairos ke shigowa. In an yi duk wannan amma nawar ba ta tafi ba, a kwashe takardu da hotuna, a goge komai, a ɗora Windows na asali. Ku kuma masu shagunan intanet da ɗalibai ke rajistar jarrabawa a kwamfutocinku, bayanan 'ya'yan mutane amana ce a hannunku. Ku ɗauke irin wannan kwamfutar daga aiki yau, kada ku bari sai gobe.