Karɓuwar waƙoƙin Nana Asma'u a Amurka

Karɓuwar waƙoƙin Nana Asma'u a Amurka wani fanni ne na bincike da ke duba yadda Musulmin Amurka, musamman mata baƙaƙen fata, suka san rubuce-rubucen Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864), da yadda suka mayar da su abin karatu a tsakaninsu. Wadda ta fi yin fice a wannan bincike ita ce Beverly Mack, tsohuwar farfesa a Jami'ar Kansas, wadda ta rubuta maƙala a kai a mujallar History in Africa a shekarar 2011, ta kuma fitar da cikakken littafi a 2023. Binciken yana da wani yanayi da ba kasafai ake samu ba: Mack tana ɗaya daga cikin mutum biyu da suka fitar da waƙoƙin da Turanci, saboda haka littafin da take bin sawunsa a hannun masu karatu, da hannunta a cikinsa.

Nana Asma'u da tsarin 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u a Degel, ta rasu a Sakkwato, an kuma binne ta kusa da kabarin mahaifinta. Ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, kuma matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙe-yaƙen jihadi da yunwa da ƙaura daga wuri zuwa wuri, har da zaman da jama'ar Shehu suka yi a Sabon Gari ta ƙasar Zamfara a 1805. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ayyukanta da suka wanzu sun kai kimanin 60, mafi yawansu waƙoƙi.

Batun karatun mata ya girme ta a gidansu. A ƙarshen shekarun 1780, lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a Zamfara, wani malami mutumin Barno mai suna Mustafa Gwani ya soki yadda mata ke halartar majalisinsa. Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya mayar masa da amsa a waƙe, a kan cewa barin mata cikin jahilci ya fi abin da ake gudu muni. Labarin yana cikin Tazyinul Waraƙat. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin salla ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1830 Asma'u ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru. Mata daga ƙauyuka kan taho wurinta ƙungiya-ƙungiya, a ƙarƙashin shugaba da ake kira jaji. Mafi yawan masu tafiyar 'yan mata ne ƙanana da kuma mata manya, domin matan da ke cikin shekarun raino suna gida. Asma'u kan naɗa jaji da malfa da jan rawani. Malfar ba kwalliya ba ce kawai. A Gobir alama ce ta Inna, shugabar 'yan bori, sai Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka san darajarta ta ɗora a kan malama. Jaji kan haddace waƙoƙin, ta koma gida ta karantar da matan garinsu. Bayan rasuwar Asma'u, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Jean Boyd, Beverly Mack da littafin 1997

Hanya ta farko da waƙoƙin suka bi zuwa Amurka ta jami'a ce. Jean Boyd, Baturiya 'yar Ingila, ta zo Najeriya a 1955 ta yi aikin koyarwa, ta kuma daɗe a Sakkwato kafin ta koma gida a 1984. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyar Giɗaɗo da Asma'u, shi ya ba ta damar ganin rubuce-rubucen da ke taskar gidan Waziri. A 1989 ta wallafa tarihin rayuwar Asma'u a Landan da sunan The Caliph's Sister.

Ita kuwa Mack ta ƙofar adabin Hausa ta shigo. Ta yi bincike a Kano tun ƙarshen shekarun 1970 a kan waƙoƙin mata, ta sami digirin digirgir a Jami'ar Wisconsin a 1981. Ita da Catherine Coles suka tsara littafin Hausa Women in the Twentieth Century na 1991, daga baya ta rubuta Muslim Women Sing a 2004.

Aikin haɗin gwiwarta da Boyd ya fito a 1997 daga maɗaba'ar Jami'ar Jihar Michigan, mai suna Collected Works of Nana Asma'u. Littafi ne mai shafi sama da 700, ya ƙunshi fassarar Turanci da sharhi da matanin asali. A shekarar 2000 suka fitar da wani ƙarami, One Woman's Jihad, wanda ya fi sauƙin karatu ga ɗalibai, shi ne kuma ya fi shiga azuzuwan jami'o'in Amurka a darussan tarihin Afirka da nazarin mata da Musulunci.

Hanya ta biyu: Maiwurno

Da a ce jami'a kaɗai ce hanyar, da ba a sami abin da za a kira karɓuwa ba sai ta ɗalibai masu neman cin jarrabawa. Akwai wata hanyar da ta biyo ta Sudan. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da waɗanda suka rage, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da ake kira Maiwurno. Sun tafi da littattafan Fodiyawa, jikokinsu kuma suka riƙe su.

A can ne wani Ba'amurke baƙar fata, Shehu Muhammad Shareef, ya yi karatu a cikin shekarun 1980. Ya kafa cibiyar Sankore domin tattara rubuce-rubucen malaman Afirka ta Yamma da fassara su zuwa Turanci. Da ya koma Amurka, jama'a ta taru a kansa a kan tafarkin Ƙadiriyya da koyarwar Shehu Usmanu, cibiyarsu mafi shahara tana birnin Pittsburgh a jihar Pennsylvania. Matan wannan jama'a ne suka kafa ƙungiyar karatu suka kira ta da sunan Hausa, 'Yan Taru, shugabarsu kuma suka kira ta jaji. Daga baya mambobi suka bazu a wasu birane, karatun ya koma ta intanet da waya.

Hanyoyin biyu sun haɗu a wuri guda. Ta Maiwurno aka sami silsila da izinin malamai, amma matanin waƙoƙin Asma'u da Ba'amurkiya za ta iya karantawa da harshenta yana cikin littafin Boyd da Mack.

Abin da binciken ya nuna

Mack ta yi bayanin wannan a maƙalarta ta 2011, da littafin Educating Muslim Women da suka rubuta da Boyd a 2013, sannan da Equals in Learning and Piety na 2023, wanda ya jera malamai mata na Najeriya da na Arewacin Amurka. Jigon hujjarta shi ne, a koyarwar gidan Shehu neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji, kuma wannan ne matan Amurka suka gani suka riƙe.

Ba don daɗin baiti suka fara karanta Asma'u ba. Sun ɗauke ta a matsayin malama, waƙoƙinta kuma a matsayin manhaja: tauhidi, tarihin Annabi (SAW), sunayen surorin Alƙur'ani, halayen ƙwarai, da labaran mata salihai. Sun kuma kwaikwayi ɓangaren aikin 'Yan Taru na taimakon jama'a, kamar kula da marasa lafiya da mabuƙata.

Akwai kuma batun asali. Mace baƙar fata da ta musulunta a Amurka, yawancin littattafan da take samu na Larabawa ne ko na mutanen Indiya da Pakistan, kuma maza ne suka rubuta su. A wurin Asma'u ta sami malama 'yar Afirka ta Yamma, yankin da aka kwaso kakannin da yawa daga cikinsu. Tarihi ya tabbatar da cewa akwai Musulmi masu ilimi a cikin bayin da aka kai Amurka. Umar ibn Sa'id, mutumin Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a Karolina ta Arewa, a daidai shekarun da Asma'u take rubuta waƙoƙinta a Sakkwato. Ga irin waɗannan masu karatu, karanta ta yana kama da komawa ga wani gado da bauta ta yanke.

Abin da fassara ta ɗauka da abin da ta bari

Fassara ba baƙuwa ba ce ga waƙoƙin Asma'u. Misali mafi kyau shi ne Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Tushenta littafin Larabci ne na zube da Muhammadu Bello ya rubuta a kan mata salihai, shi ma ya ciro daga littattafan magabata irin su Ibn al-Jauzi. Asma'u ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da kuma Hausa, ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, har ta gangaro ga matan jama'ar Shehu. Tabbat Haƙiƙa ma waƙar Shehu ce ta Fulatanci da ta mayar Hausa. Kowane harshe da masu sauraronsa: Larabci na malamai, Fulatanci na dangi da makusanta, Hausa ta talakawa da matan ƙauye.

Turanci ya zama zango na gaba a wannan tafiya, sai dai ya bambanta da na baya ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya ne a kan karin da aka aro daga arulin Larabci, kuma aron ya zauna daram saboda Hausa, kamar Larabci, tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Dogon wasali ko baƙi a ƙarshen gaɓa yana ba ta nauyi, jerin masu nauyi da marasa nauyi shi ke haifar da kari. Ga kuma amsa-amo guda da ke bin waƙa tun daga farko har ƙarshe. Waɗannan su ne ke sa macen da ba ta iya karatun ajami ba ta riƙe baiti da yawa a ka, tana daka tana rerawa. Karin Turanci kuwa a kan ƙarfin furuci yake, ba a kan nauyin gaɓa ba, kuma Boyd da Mack ma'ana suka bi, ba su yi ƙoƙarin ƙera kari ba. Wannan zaɓi ne mai hujja ga littafin nazari. Amma sakamakonsa shi ne, abin da aka tsara domin kunne da hadda ya isa Amurka a matsayin abin karantawa da ido, da sharhi a ƙarƙashinsa. Ramzi ma, wato shekarar rubuta waƙa da ake ɓoyewa cikin haruffan Larabci a baitocin ƙarshe, a Turanci sai dai a faɗi lambar a fili.

Kalmomi kaɗan ne suka tsallaka da rigarsu ta Hausa, kuma abin lura ne cewa duk na tsari ne: jaji, 'yan taru, malfa. Sunayen muƙami da na ƙungiya sun tafi yadda suke, baitocin kuwa sai da aka sauya musu harshe.

Muhawara

Ana yawan kiran Asma'u 'yar gwagwarmayar 'yancin mata a rubuce-rubucen Turanci, musamman a intanet. Wannan suna yana jawo gardama. Waƙoƙinta ba su nemi a rushe tsarin aure ko na shugabanci ba. Kira suke yi ga bin Sunna, da barin bori, da tsoron azabar lahira, wasunsu ma da kakkausan harshe. Wanda ya karanta su yana neman ra'ayin ƙarni na 21 zai tsallake rabinsu. A ɗaya ɓangaren, ba za a musanta cewa ta ba mata matsayin malanta da jagoranci a fili ba, abin da ya sa ake danganta ƙungiyoyin mata Musulmi na Najeriya irin su FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, da gadonta.

Batu na biyu ya fi nauyi. Daular Sakkwato ta mallaki bayi masu yawan gaske, kamar yadda masana tarihi irin su Paul Lovejoy suka nuna, kuma Boyd da Mack da kansu sun bayyana cewa daga cikin matan da aka yi wa waƙoƙin Hausa akwai waɗanda aka kamo a yaƙi aka shigar da su gidajen Musulmi. Jikokin bayi a Amurka suna karanta malamar da ta rayu a gidan sarautar da ke da bayi. Masu kare Fodiyawa kan nuna cewa Shehu da Bello sun yi rubutu a kan haramcin bautar da Musulmi ɗa, masu suka kuma kan ce wannan kariya ba ta kai ga wanda ba Musulmi ba.

Sai kuma matsayin mai binciken. Tunda Mack ta san jama'ar da take nazari ta dalilin littafin da ta fassara, bayaninta na wadda ke kusa ne, mai tausayi ga waɗanda take rubutu a kansu. Kusancin ya ba ta damar jin abin da baƙo ba zai ji ba, amma ya kamata mai karatu ya tuna cewa ƙungiyoyin da ake magana a kansu ƙanana ne idan aka kwatanta da yawan Musulmin Amurka, kuma suna cikin ɗariƙa guda. Dukkan littattafan nan da Turanci aka rubuta su, don haka ɗalibin Sakkwato ko Gusau da ke son sanin yadda ake karanta Asma'u a Pittsburgh, shi ma ta Turanci zai bi.